An hana ka tallafin PIP a Birtaniya? Ga yadda ake ƙalubalantar hukuncin

Wasiƙar ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya, wato DWP, tana zuwa ne a ambulan mai ruwan ƙasa, kuma da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna can layi ɗaya kawai suke karantawa: ba ka cancanta ba. Sai a naɗe takarda a cusa a durowa, a ce Allah bai nufa ba. Alhali dokar ƙasar ta tanadi matakai har uku na sake duba wannan hukunci (a wajen DWP kanta, sai kotu, sai kotun sama), ba a biyan ko sisi a kowanne, kuma alƙaluman da gwamnati ke fitarwa shekara da shekaru suna nuna cewa fiye da rabin waɗanda suka kai ƙarar PIP gaban kotu har aka saurare su suna yin nasara.

PIP tallafi ne ga wanda ciwo ko naƙasa ke hana shi gudanar da al'amuransa na yau da kullum. An fara shi a watan Afrilun 2013. Ana ba wanda ya kai shekara 16 zuwa shekarun karɓar fanshon gwamnati, ana biya duk mako huɗu, ba a cire masa haraji, ba a kuma duba albashinka ko ajiyarka. Mai aiki ma yana iya karɓa. Bayanin da ke tafe na Ingila da Wales ne. Scotland tana da nata tallafin daban da hukumarta daban, Ireland ta Arewa kuma wata ma'aikata ce ke riƙe da shi.

Kafin komai, duba takardar zamanka

Wannan ne wurin da kuskure ya fi tsada. Yawancin masu bizar karatu, bizar aiki (har da ta kula da tsofaffi, wadda mutanenmu suka shiga da yawa a 'yan shekarun nan) da bizar aure suna ɗauke da sharaɗin da ake taƙaitawa da NRPF, ma'ana ba su da damar cin kuɗin tallafin gwamnati. PIP yana cikin jerin, haka Universal Credit (tallafin marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi), kuɗin yara da tallafin haya. Idan dalilin da aka hana ka ke nan, ɗaukaka ƙara ba za ta amfane ka da komai ba, kuma karɓar kuɗin da ba ka da izininsa yana iya ɓata maka neman sabunta biza ko takardar zama ta dindindin. Shiga asusunka na bizar intanet ka karanta sharuɗɗan da idonka, kada ka dogara da abin da wani ya faɗa a zauren WhatsApp.

Wanda ke ƙarƙashin wannan sharaɗi ba a rufe masa kowace ƙofa ba. Kuɗin jinya da na haihuwa da mai aiki ke karɓa ta hannun wanda ya ɗauke shi aiki ba sa cikin jerin. Iyalin da ke da yara kuma suka shiga halin ha'ula'i suna iya neman taimakon ƙaramar hukuma a ƙarƙashin sashe na 17 na dokar yara ta 1989. Masu zama ta hanyar iyali kuma suna iya roƙon ma'aikatar cikin gida ta ɗage musu sharaɗin. Duk waɗannan sai da shawarar mai lasisin ba da shawara kan shige da fice.

Akwai kuma sharaɗin daɗewa a ƙasa: a cikin makonni 156 da suka wuce, sai ka yi aƙalla 104 a Birtaniya, wato shekara biyu cikin uku. Wanda ya koma gida Najeriya ko Nijar ya daɗe, ko da yana da fasfon Birtaniya, wannan yana iya kama shi. 'Yan gudun hijira da aka amince da su an ɗauke musu shi.

Mataki na farko: ranar da ke saman wasiƙa

Wata ɗaya kake da shi ka nemi DWP ta sake duba hukuncin, kuma lissafin yana farawa daga ranar da aka rubuta a kan wasiƙar, ko da ta kwana biyar a hanya. Rubuta ranar ƙarshe a inda za ka riƙa gani. Idan lokaci ya ƙure kana jiran takardar likita, tura buƙatarka haka nan, ka rubuta cewa ƙarin hujja na tafe.

Wanda ya makara yana da dama har zuwa wata 13 daga ranar hukunci, muddin ya bayyana dalili: kwanciya asibiti, rasuwa, tsananin ciwo, rashin wanda zai karanta masa. Ko DWP ta ce ba ta karɓi dalilin ba, in dai kana cikin watanni 13 ɗin, kana iya wucewa kotu.

Mataki na biyu: gane yadda aka yi maka lissafi

A nan aikin yake, kuma a nan zan ɗan daɗe. PIP ba ya tambayar sunan ciwonka. Mutum biyu masu sikila, ɗaya ya samu ɗaya ya rasa, kuma duka hukuncin ya zama daidai a doka. Abin da ake aunawa shi ne abin da ciwon ya hana ka yi, kuma da maki ake aunawa.

Ɓangaren rayuwar yau da kullum yana da ayyuka goma: dafa abinci, ci da sha, shan magani da lura da ciwo, wanka, shiga bayi, sa tufafi, magana da fahimtar magana, karatu, cuɗanya da mutane, da sarrafa kuɗi. Ɓangaren zirga-zirga yana da biyu: tsara tafiya da bin hanya, sai kuma takawa da ƙafa. A kowane ɓangare, maki 8 zuwa 11 suna ba ka ƙaramin matakin tallafin, 12 zuwa sama babban mataki. Ba a haɗa makin ɓangarorin biyu. Kuma a kowane aiki akwai jerin bayanai, kowanne da makinsa, amma bayani ɗaya ne tak ake ɗauka, wanda ya fi maki cikin waɗanda suka dace da kai.

Ɗauki girki. Abin da doka take nufi shi ne abinci mai sauƙi na mutum ɗaya daga ɗanyen kayan miya, a kan murhun da ya kai tsayin ƙugu, ba tuwo da miyar kuka na gida guda ba. Mai buƙatar kayan taimako, kamar kujerar da zai zauna saboda ba ya iya tsayuwa, yana da maki 2. Wanda sai an tuna masa ko an ƙarfafa shi, 2. Wanda sai wani ya tsaya a kansa ko ya sa masa hannu, 4. Wanda ba ya iyawa sam, 8. A takawa kuwa: in kana iya wuce mita 200, babu maki, tsakanin 50 da 200, maki 4, tsakanin 20 da 50 ba tare da sanda ba, 8, da sanda ko makamancinta, 10, in ba ka wuce mita 20, 12.

Sai ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci, wadda kuma rahotanni da yawa ke tsallakewa. Ba a cewa ka iya aiki sai in kana yin sa ba tare da haɗari ba, ka yi shi yadda ya kamata, ka maimaita shi duk lokacin da buƙata ta taso, kuma cikin lokacin da bai ninka na mai lafiya fiye da sau biyu ba. Matar da ta iya yin wanka da safe amma ya cinye mata minti hamsin, ta fito ta kwanta har azahar saboda gajiya, a ma'aunin doka ba ta iya wanka ita kaɗai ba. Wanda ya taka mita 100 zuwa shago amma ba zai sake iya takawa ba ranar, shi ma akwai magana.

Ga masu ciwon da ke zuwa yana tafiya, irin sikila, farfaɗiya, ciwon gaɓoɓi ko ciwon damuwa, ana duba shekara guda ne: wata uku baya, wata tara gaba. Idan matsalar tana samun ka fiye da rabin kwanakin, makin naka ne. Kuma ana lissafa taimakon da kake buƙata ko da babu mai yi maka shi.

Abu biyu da ba sa kawo maki, gara a sani tun yanzu. Rashin jin Turanci ba naƙasa ba ne a wannan ma'auni, domin ana duba ko kana magana da fahimta a harshenka. Haka wanda bai yi makaranta ba, ba zai samu makin karatu ba sai in ciwo ne ya hana shi. Sallah da alwala ma ba sa cikin ayyukan goma sha biyu, amma suna da amfani a matsayin misali: wanda ke sallah a zaune don ba ya iya ruku'u, wanda sai an wanke masa ƙafa wajen alwala, ya riga ya ba da hujja a kan wanka da sa takalmi. Ka faɗe su, ka ɗaura su a kan aikin da doka ta sani.

Mataki na uku: nemi rahoton da aka rubuta a kanka

Jami'in da ya yanke hukunci galibi bai taɓa ganin ka ba. Ya dogara ne da rahoton ma'aikacin lafiya na kamfanin da aka ba kwangila, wanda ya yi hira da kai ta waya, ta bidiyo ko ido da ido. Sunan rahoton PA4. Kira lambar da ke kan wasiƙarka ka ce a turo maka kwafi, kyauta ne.

Idan ya zo, karanta shi da biro a hannu. Za ka tarar an rubuta abubuwan da ba ka ɗauka cikin gwajin suke ba: ya taso daga kujera ba da taimako ba, yana tuƙa mota, ta zo cikin shiga mai tsafta, ya amsa tambayoyi da fara'a. Daga nan ake gina cewa mai tuƙa mota yana da ƙarfin hannun yanka albasa.

A nan tarbiyyarmu take cutar da mu. An saba mana da cewa in aka tambayi mara lafiya yaya jiki, amsar ita ce da sauƙi, alhamdulillahi, ko da daren jiya bai runtsa ba. Dattijo ba zai buɗe baki ya gaya wa baƙuwar mace cewa ɗansa ne ke ɗaga shi daga kan masai ba. Mace ba za ta ce fitsari na kufce mata ba, balle in tafintan ɗan garinsu ne. Maganar ciwon ƙwaƙwalwa kuwa ko a cikin gida ɓoye ta ake yi. Mai rubuta rahoto bai san wannan ba, abin da ya ji shi zai rubuta: ya ce yana samun sauƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Godiya ga Allah tana nan a wurinta, amma takardar nan tana buƙatar a faɗi sau nawa aka faɗi a banɗaki a watan jiya. Idan kunya ce ta hana ka faɗin wani abu a hirar farko, rubuta haka ƙarara a buƙatarka. Bayani ne da ake fahimta, kuma ya fi a ga kamar ka canza magana.

Kishiyar wannan ma haɗari ce. Kada ka bari wani mai cika fom a unguwa ya ƙara maka gishiri, ya rubuta cewa ba ka iya taka ko mita ɗaya alhali kana zuwa masallaci da ƙafarka. In maganar fom ta saɓa da takardun asibiti, duk sauran gaskiyarka ta zube, kuma karɓar tallafi da ƙarya laifi ne da ake biyan kuɗinsa, wani lokaci har da gurfana.

Mataki na huɗu: nemi DWP ta sake duba hukuncin

Dole ne a bi ta nan kafin kotu. Ana iya nema ta waya, amma ni dai a rubuce nake ba da shawara, ko da fom ɗin CRMR1 da ke shafin gov.uk ko da wasiƙa. Sa sunanka, lambar inshorarka ta ƙasa da ranar hukunci a kowane shafi. Ajiye kwafi, ka karɓi shaidar aikawa a gidan waya, ita ma kyauta ce.

Kada ka rubuta doguwar wasiƙar ƙorafi kan rashin adalci ko tsadar rayuwa, babu makin da ke fitowa daga nan. Bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda sakin layi ɗaya zai iya kasancewa, a ce mai sikila ce ke rubutawa: an ba ni maki 0 a wanka, ina ganin maki 3 ne suka dace, domin sai an riƙe ni wajen shiga da fita daga baho. A mako, kwana huɗu zuwa biyar ciwon ƙugu ba ya barin in ɗaga ƙafa. 'Yata ce ke riƙe ni, ranar da ba ta nan ba na wanka. Takardar likitan ƙashi da na haɗa ta tabbatar da lalacewar ƙugun. Shi ke nan: makin da aka bayar, makin da ya dace, abin da ke faruwa, sau nawa, da hujja.

Game da hujja, takardar da ta ce kana da ciwo kaza ba ta da nauyi sosai, don ba a musa ciwon ba. Wadda ke aiki ita ce mai bayanin abin da ciwon ya hana: rahoton mai gashin ƙashi, na ma'aikacin da ya zo gida ya sa maka maƙallai a banɗaki, jerin magunguna, takardun sallama daga asibiti, wasiƙar mai kula da kai. Wasunsu suna cikin manhajar NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasar, ba sai ka biya likita ya rubuta sabuwa ba. Littafin da ka riƙa rubuta yadda kowace rana ta kasance na mako biyu ko uku yana taimakawa ƙwarai ga ciwo mai hawa da sauka.

Ka sani cewa duk hukuncin ake sake dubawa. Wanda aka ba ƙaramin mataki yana neman babba, a ƙa'ida ana iya rage masa ma, don haka ya nemi shawarar ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice ko wata cibiyar lauyoyi ta unguwa kafin ya tura. Doka ba ta ɗaura wa DWP wa'adin amsawa ba, yakan ɗauki makonni ko watanni. Kuma a gaskiya yawancin hukunce-hukunce ba sa canzawa a wannan mataki. Mutane da yawa a nan suke karaya, alhali matakin gaba ne ya fi ba da sa'a.

Mataki na biyar: kotu

Amsar DWP za ta zo da takardar sanarwa kwafi biyu. Daga ranar da ke kanta kana da wata ɗaya ka shigar da ƙara, ta intanet a gov.uk ko da fom ɗin SSCS1. Kotun ba ta ƙarƙashin DWP. Mutum uku ne ke zama a ƙarar PIP: alƙali, likita, da wani mai masaniya kan naƙasa. Babu rigar lauya, babu akwatin tsayuwa, tebur ne da kujeru.

Fom zai tambaye ka ko kana son a saurare ka ko a yanke a kan takardu kawai. Zaɓi a saurare ka, ko da ta waya ko bidiyo ne. Waɗanda suka bayyana sun fi samun nasara nesa ba kusa ba, domin mutanen uku suna jin bayani daga bakin mai ciwon. A wannan fom ɗin ne kuma za ka nemi tafinta. Rubuta Hausa, kotu ce ke kawowa kuma ita ke biya. Ba a yarda ɗanka ko matarka su yi maka tafinta ba, amma suna iya raka ka, su kuma ba da shaida. Mace tana iya roƙon a kawo mata tafinta mace. Ana mayar da kuɗin mota in ka ajiye rasit.

DWP tana da kwana 28 ta aiko da martaninta, tare da damin duk takardun da ke fayil ɗinka, kowane shafi da lamba. Karanta shi, ka riƙa ambaton lambar shafi in za ka nuna kuskure. Wani lokaci kafin ranar zama jami'in DWP zai kira ya yi maka tayin wasu maki. Ba dole ne ka amsa nan take ba; ce a ba ka lokaci ka yi shawara. In ka karɓa, ƙarar ta mutu, amma sabon hukuncin ma kana iya ɗaukaka ƙara a kansa in bai kai abin da kake ganin haƙƙinka ba ne.

Ranar zama, ka tuna kotu tana tambaya ne game da halin da kake ciki a ranar da aka yanke hukuncin farko, wanda wataƙila ya kusa shekara. In ciwo ya ƙaru bayan nan, wannan maganar sabuwar buƙata ce. Za su tambaye ka yadda ka zo, inda aka ajiye mota, ko ka yi tafiya ƙasar waje. In ka je Umara ko ka je gida biki, faɗi gaskiya ka kuma faɗi yadda aka yi: keken guragu a filin jirgi, wanda ya tura ka wajen ɗawafi, kwanakin da ka yi a kwance bayan dawowa. Tambayar mita nawa kake takawa tana rikita mutane. Amsa da abin da ka sani, daga ƙofar gida zuwa ina, minti nawa, sau nawa kake tsayawa. In kotu tana tunanin rage maka abin da kake da shi, za ta gargaɗe ka tukuna, kuma kana iya neman a ɗage zama ko ka janye.

Idan ka yi nasara, za a biya ka bashin tun daga ranar da ka cancanta a buƙatarka ta farko. Idan ba ka yi ba, kana da wata ɗaya ka nemi alƙali ya rubuto cikakkun dalilai. Kotun sama ba ta sake sauraron labarin ciwo, kuskuren doka kawai take dubawa, misali an yi watsi da wata hujja ko ba a yi aiki da ƙa'idar rabin kwanaki ba. Wannan aikin masana ne, kai musu takardar dalilan da wuri.

Idan Universal Credit ne aka hana ka

Matakan iri ɗaya ne, wata ɗaya, sake dubawa, sannan kotu, sai dai dalilan hanawa sun bambanta domin shi ana duba dukiya. Ajiyar da ta haura fam 16,000 tana hana shi gaba ɗaya. Tsakanin fam 6,000 da 16,000 ana cire fam 4.35 a wata kan kowane fam 250. Abin da mutanenmu suka fi mantawa shi ne dukiyar gida tana cikin lissafi: fili a Kano, gidan haya a Kaduna, kuɗi a bankin Yamai, rabon gado da ya riga ya zama naka. In an yi wa filin ƙima fiye da kimarsa, ko gadon na mutum goma ne ba a raba ba, wannan abin ƙalubalanta ne da takardu. Mayar da shi sunan ƙane don a samu tallafi kuwa, doka tana lissafa shi kamar yana hannunka.

Tafiya ma tana yanke shi. Universal Credit yana jure wata ɗaya a waje, ana iya ƙara wata guda in rasuwar makusanci ce ta kai ka, PIP kuma mako 13, ko 26 in magani ka je nema. Mai niyyar yin azumi gaba ɗaya da sallah a gida ya lissafa kwanakinsa, ya kuma sanar kafin ya tashi. Ana neman sake duba hukunci ta shafin saƙonni na asusunka, amma in an riga an rufe asusun ba za ka iya rubutu a ciki ba, sai ka kira ko ka aika CRMR1 ta gidan waya.